Tallafin Karatun Jami'a: Inda Yaranmu Ke Faɗuwa Tun Kafin A Fara Tantancewa

Idan zancen tallafin karatu ya taso a majalisar samari, a Kano ne ko Gusau ko Damaturu, ba a jimawa wani zai yanke hukunci: wannan ai na masu uwa a gindin murhu ne. Saura su gyaɗa kai, a koma hirar ƙwallo. Maganar ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin akwai guraben da ake rabawa a falon 'yan siyasa. Amma duk wanda ya saba taya ɗalibai cike takardun neman tallafi ya san wani abin da ba a cika faɗa ba. Yaranmu da yawa suna da ƙwaƙwalwa, kuma gurbin da suka nema ba ya buƙatar sanayya. Abin da ke kayar da su shi ne suna da ya saɓa tsakanin takardu biyu, ko sanarwar da ta iso bayan an rufe karɓa, ko makin shekarar farko da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

Lamarin ya ƙara nauyi tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka janye tallafin man fetur. Kafin shekarar ta ƙare, jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista, wasu har sun ninninka. A Jami'ar Bayero abin ya kai ga gwamnatin Kano ta ware Naira miliyan 700 don biya wa 'yan jihar su 7,000. Waɗanda suka yi jami'a a shekarun 1970 kan ba da labarin lokacin da ake ciyar da ɗalibi a kan kuɗi ƙalilan, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abincin yini ya tayar da zanga-zangar 1978, wadda aka yi asarar rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Wancan zamani ya wuce. Yau uban da ke da yara uku a manyan makarantu, in bai san hanyoyin samun agaji ba, ɗaya daga cikinsu zai zauna a gida, kuma a gidaje da yawa an san wadda za a ce ta haƙura.

Bashin da babu ruwa a kansa

Hanya mafi faɗi a yanzu bashi ce, ba kyauta ba, kuma ya kamata iyaye su gane wannan tun farko. Shugaba Bola Tinubu ya sanya hannu a dokar bashin ɗalibai a watan Yunin 2023, sai dai ta zo da sharuɗɗan da suka kusa kashe ta: sai kuɗin shigar gidan su ɗalibi bai kai Naira 500,000 a shekara ba, kuma sai ya kawo mutum biyu masu tsaya masa daga cikin manyan ma'aikata ko lauyoyi da makamantansu. Ɗan manomi a ƙauye ina zai samo su? A watan Afrilun 2024 aka soke dokar aka kafa sabuwa, aka cire waɗannan sharuɗɗa, sannan ranar 24 ga Mayun 2024 asusun bashin ɗalibai na NELFUND ya fara karɓar masu nema.

Tsarin ba shi da sarƙaƙiya. Ɗalibin makarantar gwamnati, ta tarayya ko ta jiha, jami'a ce ko kwalejin fasaha ko ta ilimi, zai shigar da lambarsa ta JAMB da lambar NIN da BVN da lambar rajistarsa ta makaranta. In an amince, kuɗin makaranta kai tsaye asusun makarantar ake tura su, ba sa biyowa ta hannunsa. In ya nemi kuɗin kashewa, ana tura masa Naira 20,000 duk wata. Biya yana farawa ne shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi, wanda kuma bai samu aiki ba yana iya neman a ɗaga masa ƙafa.

Tambayar da ta fi yawa a gidajenmu ita ce ta riba, kuma tambaya ce mai kyau. Asusun ya fayyace cewa babu kuɗin ruwa: abin da aka ranta shi za a mayar. Wannan ya kwantar wa mutane da yawa hankali, shi ya sa a alƙaluman da asusun ya riƙa fitarwa ake ganin Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero a sahun gaba wajen yawan masu nema. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ban ga abin kunya ba ga yaron da ya ci bashi don ya yi karatu. Abin kunya shi ne a ci da niyyar ba za a biya ba. Na ji matasa suna cewa ai rabonsu ne na arzikin ƙasa. To, an taɓa yin haka. Gwamnatin Gowon ta kafa hukumar bashin ɗalibai a 1972, waɗanda suka karɓa da yawa ba su mayar ba, tsarin ya durƙushe, ƙannensu da 'ya'yansu suka taso babu. Wanda ya ƙi biya yau, ƙofar ƙaninsa yake rufewa.

Akwai kuma abin lura. Asusun ba zai ga sunan ɗalibi ba sai makarantarsa ta tura bayanansa, don haka wanda shafin ya ce bai san shi ba, ofishin kula da ɗalibai ya kamata ya nufa, ba ya zauna yana ƙorafi ba. A 2025 ma hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci ta shiga binciken zargin cewa wasu makarantu suna karɓar kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba. Wanda ya riga ya biya daga aljihunsa kafin kuɗin asusun su iso, yana da haƙƙin a mayar masa da nasa.

Shekarar farko ita ke yanke hukunci

Kyauta ta gaskiya, wadda ba a biya, kusan duk a kan maki take tsayawa. Jami'o'inmu galibi suna auna ɗalibi a ma'auni mai hawa biyar: daga 4.50 zuwa sama daraja ta ɗaya, daga 3.50 zuwa 4.49 babbar daraja ta biyu. Wannan 3.50 ɗin shi ne bakin ƙofa a wurare da yawa. Gidauniyar MTN, alal misali, tana neman ɗaliban kimiyya da fasaha na aji uku masu 3.50 zuwa sama. Hukumar tallafin karatu ta tarayya, da ke ƙarƙashin ma'aikatar ilimi, tana da kyautar ɗaliban cikin gida, wadda aka ƙara a 2025 ta koma Naira 450,000 a shekara ga mai digirin farko, 600,000 ga mai digiri na biyu, 750,000 ga mai na uku. Kamfanonin mai da iskar gas irin su NLNG da Shell da TotalEnergies da Chevron duk suna da nasu, kuma akasari 'yan aji ɗaya ko aji biyu suke nema. Wasu daga cikin shirye-shiryen nasu na yankunan da ake haƙar mai ne kaɗai, amma akwai na ƙasa baki ɗaya, wanda ɗan Jigawa da ɗan Bayelsa ke shiga jarrabawa ɗaya.

Duba abin da wannan ke nufi. Yaro ya samu gurbi da kyar, wataƙila a jeri na biyu ko na uku, ya iso makaranta an yi nisa da darasi. Yana neman ɗaki, yana bin layin rajista, yana koyon zama ba iyaye a kansa. Zango na farko ya fito da 2.80, ya ce ba komai, zai gyara a gaba. Amma lissafin na tarawa ne, makin farko yana bin ɗalibi har ranar fita, kuma masu ba da tallafin nan sakamakon shekarar farko suke dubawa. Kafin ya farga, sanarwar da ta dace da shi ta zo ta wuce. Da a ce wani yayansa ya zaunar da shi ranar da zai tafi ya gaya masa cewa waɗannan watanni takwas na farko kuɗi ne, da labarin ya canza.

Jarrabawar tantancewar kamfanoni ma tana da nata sirri. A kwamfuta ake yin ta, da ƙayyadajjen lokaci, tambayoyin lissafi na sauri da fahimtar Turanci da gwajin kaifin tunani. Ɗalibin da bai taɓa kwamfuta ba sai ranar JAMB yana iya fin abokan takararsa ilimi, lokaci ya cinye shi. Tsofaffin tambayoyi suna nan a hannun waɗanda suka taɓa yi. A nema, a zauna da agogo a gwada.

Na jihohi kuwa, kowace jiha tana da hukumar tallafin karatu, kuma kowa ya san halinsu: kuɗin kaɗan ne, ba sa zuwa a kan lokaci, wata shekarar ma ba sa zuwa. Duk da haka a yi rajista.

Suna ɗaya, rana ɗaya

A nan ne na fi son mai karatu ya tsaya, domin nan ne asarar ta fi yawa kuma nan ne maganin ya fi araha. A gida ana kiran yaro Muhammadu. Malamin firamare ya rubuta Mohammed, ya haɗa masa da sunan mahaifi. A sakandare aka ƙara sunan garinsu a ƙarshe, kamar yadda aka saba tun zamanin makarantun kwana na lardi. Ranar yin NIN, mai shagon intanet ya rubuta Muhammad, ya sa sunan kaka a matsayin sunan dangi. A banki kuma aka juya jerin. Mu a wurinmu duk mutum ɗaya ne, kowa a unguwa zai shaida. Kwamfutar da ke haɗa NIN da BVN da JAMB ba ta san unguwa ba. Ta ga mutum uku, sai ta ajiye takardar, kuma sau da yawa ba wanda zai gaya wa yaron dalili.

Ranar haihuwa ta fi wannan muni. Yara da yawa an haife su a gida, ba a karɓi takardar hukumar ƙidaya ba, sai lokacin jarrabawa a ƙirƙiro rana, shi ya sa 1 ga Janairu ta yi yawa a takardunmu. Wani kuma an rage masa shekaru a WAEC saboda tunanin bautar ƙasa ko aikin gwamnati, a NIN kuwa aka faɗi gaskiya. Takardar rantsuwa ta kotu tana warware wasu matsalolin a cikin gida, amma ofishin jakadanci ko jami'ar waje da ta ga rana biyu a takardun mutum ɗaya ba za ta tsaya sauraron bayani ba. Gyara yana yiwuwa a hukumar NIMC mai ba da NIN da kuma JAMB, da kuɗi da jira, a takardar WAEC kuwa ya fi wuya ƙwarai. Tun 2021 JAMB ba ta rajista sai da NIN, wato abin da aka rubuta wa yaro yana shekara sha biyar ko sha shida shi zai bi shi har digiri na uku.

Sauran takardun sanannu ne: kiredit biyar a WAEC ko NECO har da Turanci da lissafi, takardar shaidar ɗan asalin ƙaramar hukuma, takardar samun gurbi ta JAMB, cikakken sakamakon zango-zango, hoton fasfo. A ɗauki hotonsu mai kyau a adana. Sannan imel. Ɗalibai nawa ne mai shagon intanet ya buɗe musu imel, ya riƙe lambar sirrin, ko ya sa lambar wayarsa a madadin tasu? Sai gayyatar jarrabawa ta shiga akwatin da ba mai buɗewa. Ɗalibi ya mallaki imel ɗinsa da layin wayarsa, ya riƙa leƙawa kullum.

Ƙetare

A Kano, ba a zancen karatun waje ba a tuna ɗalibai 501 da gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara turawa digiri na biyu a 2012 ba, da kuma 1,001 da gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta ɗauka a 2023 zuwa Indiya da Yuganda. Duk abin da mutum ke gani game da siyasar, shirin ya nuna wa 'ya'yan talakawa cewa sakamako mai kyau yana iya hawar da mutum jirgi, kuma da yawa daga cikin 'yan rukunin farko yau malamai ne a jami'o'in Arewa.

Sai dai dogaro da gwamnati kaɗai yana da haɗari. Shirin tarayya na musayar ɗalibai da ƙasashe irin su Rasha da Maroko da Aljeriya da Hungari ya daɗe yana fama da jinkirin alawus. A 2024 aka rage kuɗin wata daga Dala 500 zuwa 220, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina ɗaukar sababbi a kuɗin gwamnati. Asusun TETFund ma, mai ɗaukar nauyin malaman manyan makarantu, ya dakatar da tura su waje daga farkon 2025. Ga kuma abin da ba a shirya masa ba: yaƙin Sudan na Afrilun 2023 ya rutsa da ɗimbin 'ya'yan Arewa, ciki har da 'yan mata masu karatun likitanci da jihohi suka tura, aka kwaso su ta iyakar Masar da Port Sudan, karatun wasu ya tsaya cak. Kafin uba ya sa hannu, ya tambaya: wa ke biya, ana biyan shekara guda ne ko duka, kuma hukumomin Najeriya, musamman majalisar likitoci, sun yarda da takardar makarantar?

Akwai ƙofofin da ba su ratsa ofishin kowane gwamna ba, kuma su ne yaranmu suka fi jahilta. Gwamnatin Turkiyya tana karɓar masu nema duk shekara daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu. Mai neman digirin farko kada ya kai shekara 21, na biyu 30, na uku 35. Suna biyan kuɗin makaranta da masauki da jirgi da alawus, da shekara guda ta koyon Turkanci. A lura da wannan 21 ɗin: yaron da ya yi shekara uku yana maimaita JAMB bai san akwai wannan hanya ba, ya rasa ta ke nan. Jami'ar Musulunci ta Madina, da aka kafa a 1961, da Azhar ta Masar sun daɗe da sanin Hausawa, kuma ɗaliban Islamiyya masu takardar sakandare ta Larabci suna da dama a can. Gidauniyar Mastercard, tun 2012, tana ɗaukar nauyin 'yan Afirka ta hannun jami'o'i kamar Ashesi ta Gana da Makerere ta Yuganda, kuma rashin hali yana cikin abin da take dubawa. Asusun PTDF, da aka kafa a 1973, yana tura masu fannin mai da makamashi digiri na biyu da na uku a Birtaniya da Jamus da Faransa da Malesiya, kuma yana la'akari da kowace jiha wajen zaɓe, abin da ke nufin jihar da 'ya'yanta ba su nema ba ita ta cuci kanta. Chevening ta Birtaniya, mai digiri na biyu na shekara guda, tana buɗewa wajen Agusta, tana buƙatar aikin shekara biyu, da alƙawarin dawowa gida na aƙalla shekara biyu.

Irin waɗannan sun fi son su ji mutum daga bakinsa, kuma nan tarbiyyarmu kan zame mana cikas. An koya mana kunya da kawaici, an hana mu yabon kai. Sai aka ce wa yarinya ta rubuta inda ta taɓa jagoranci, ta ce ita ba ta taɓa riƙe muƙami ba, alhali shekara uku tana koyar da matan aure karatu a Islamiyyar dare, ita ce ta tara ƙannen unguwa tana yi musu bitar lissafi kyauta. Wannan shi ake nema. Faɗin abin da mutum ya yi, da adadi da wuri da sakamako, ba alfahari ba ne, shaida ce. Abin da ke kashe takarda shi ne kwafo rubutun wani daga intanet, domin masu dubawa sun karanta irinsa sau dubu. Haka wasiƙar shaida daga malami: a nemi wanda ya san ɗalibin da gaske, a ba shi makonni, kada a tare shi a bakin ofis ana saura kwana ɗaya.

Neman ma yana cin kuɗi, kuma bai kamata a ɓoye wannan ba. Daga Satumban 2025 fasfo mai shafi 32 ya koma Naira 100,000. Jarrabawar Turanci ta IELTS tana da tsada, kuma shekara biyu kawai sakamakonta ke aiki, don haka kada a rubuta ta sai an tabbatar wurin da ake nema yana buƙata, tunda wasu jami'o'i suna karɓar wasiƙar cewa da Turanci aka yi digirin farko.

'Yan damfara kuma sun gano inda ake jin ƙishi. Saƙo zai shigo WhatsApp da tambarin gwamnati, a ce a biya kuɗin fom ko a turo BVN da lambar da banki ya aiko. NELFUND ba ta karɓar ko kwabo wajen nema, haka Chevening, haka tallafin Turkiyya. Duk wanda ya ce a biya shi ya sa suna a jeri, ɓarawo ne, ko da a cikin ofishin yake aiki.

Nauyin da ke kanmu

Abin da ya fi damuna shi ne yadda labari ke tsayawa a birni. Ɗan malamin jami'a yana jin sanarwa ranar da ta fito, ɗan ƙauye sai bayan wata biyu, in ma ya ji. Makarantun sakandaren gwamnati da yawa ba su da malamin ba da shawara, ko kuma suna da shi a takarda kawai. Wannan giɓi ba sai an jira Abuja ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi, da na tsofaffin ɗalibai, da waɗanda suka ci moriyar tallafi suka dawo, za su iya ware yini ɗaya a kowane hutu su zauna da 'yan ajin ƙarshe, a duba takardu ɗaya bayan ɗaya, a rubuta watannin da kowace ƙofa ke buɗewa a manna a allon makaranta da bakin masallaci. Gidajen rediyonmu, da ake saurare har a gona, su ba wannan minti goma a mako.

Masu hali kuma su duba inda 'yar dukiya kaɗan ke yin aiki babba. Sau da yawa abin da ya raba yaro da cikakken tallafi na miliyoyi shi ne kuɗin fasfo, ko na gyaran NIN, ko na motar zuwa Kaduna ko Abuja jarrabawa. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara da Kano suna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma Azhar ɗin da muke tura 'ya'yanmu ta yi ƙarnoni tana tsaye a kan waƙafi. Shago ɗaya a kasuwa da aka tsayar da kuɗin hayarsa don wannan aiki zai iya fitar da yara da dama duk shekara.

Iyaye masu yara a babbar sakandare, kada ku jira lokacin JAMB. A makon nan ku ɗauko takardar haihuwar yaron da ta NIN, ku je makaranta ku ga yadda aka rubuta sunansa da ranar haihuwarsa a rajistar da za a tura wa WAEC da NECO. In harafi ɗaya ya bambanta, ku sa a gyara yanzu, kuma ku yi wa 'ya'ya mata haka kamar yadda za ku yi wa maza.